Shekarar da Saje Ya Karɓe Ɗamarata

Na sha jin ku, ku 'ya'yana, kuna gaya wa abokanku cewa da ba don wani tsohon soja ya yi wa babanku baƙin ciki ba, da ya wakilci jihar nan a gasar judo ta ƙasa. Ban san wanda ya fara ba ku labarin a haka ba, amma ina zargin kakarku Inna, Allah ya jiƙanta, don a wurinta auta ba ya laifi ko da an kama shi dumu-dumu. Na daɗe ina yin shiru saboda labarin yana yi mini daɗi a kunne. Yanzu da ƙafa ta fara nauyi, ba na so in tafi in bar sunan Saje Bitrus a bakinku da wannan tabo. Gaskiya ne shi ya hana ni zuwa, amma ku tsaya ku ji yadda aka yi.

A lokacin Minna ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba. Ko'ina ka duba gini ake yi, mu kafintoci ba mu da lokacin soshin kai. Ina aiki a wata rumfar katako, shekaruna ashirin da 'yan kai, sai wata rana ga wani gajeren mutum a kan keke, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu da ya sauka, ya ce garin katako yake nema, buhu ashirin. Na ce kaji zai kiwata? Ya ce a'a, mutane zai riƙa kayarwa a kai. Na ce to lalle sai na ga wannan abu da idona, na bi motar da ta kai masa kayan har Bosso, wani tsohon sito da aka daina ajiya a ciki. Muka baza garin katakon a ƙasa, muka rufe da tamfol, muka ɗaure gefuna. Da zan tafi ya ce in kama rigarsa in ture shi. Ban san yadda aka yi ba, sai na gan ni a kwance ina kallon kwanon rufi, kuma ko ƙwarzane ban yi ba. Washegari na dawo da ƙafata.

Saje Bitrus ɗan Gbagyi ne, Kirista, daga wani ƙauye can bayan Bosso. A bariki ya koyi judo, a can kuma ya koyi Hausarsa wadda ba ruwanta da mace ko namiji. In zai tambaye ni Inna sai ya ce, mamanka yana lafiya? Ajinsa kuwa haɗin gambiza ne. Akwai ɗaliban kwaleji, akwai 'ya'yan 'yan kasuwa irina, akwai makanikai daga Kpakungu, da samarin Gbagyi masu zuwa da ƙasar gona a ƙafa, da wasu ma'aikatan ofis biyu masu tumbi. Mutum talatin da wani abu a ɗaki ɗaya, kowa jininsa na tafasa, kuma abin da ake koya musu shi ne yadda za su ɗaga juna su buga da ƙasa. Amma duk shekarun da na yi da shi ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. In surutu ya yi yawa sai ya zauna a tsakiyar tamfol, ya naɗe ƙafa, ya fara magana ƙasa-ƙasa kamar mai yi wa kansa. Na kusa su yi shiru don su ji, na nesa su ga na kusa sun yi shiru su ma su kama bakinsu. In zai gyara maka kuskure sai ya matso kunnenka, in zai yabe ka sai kowa ya ji. Bayan la'asar muke farawa, kuma shi da ba ya salla shi ne mai duban inuwar ƙofa, da magariba ta gabato ya tafa hannu sau biyu ya sallame mu. Da wasu iyaye suka yi ƙorafi cewa sunkuyawar da ake yi ta gaisuwa ta yi kama da ruku'u, bai tsaya gardama ba, ya ce daga yau kowa hannu a ƙirji, Musulmi da Kirista, aka wuce wurin.

Abu ɗaya ne nake gani kamar gulma a halinsa. Duk sabon da ya zo sai ya zaunar da shi ya yi ta tambaya: ɗan wane gida ne, wa ya sani a cikinmu, a ƙarƙashin wa yake aiki, wa ke auren 'yar gidansu. Sai daga baya na lura bai taɓa haɗa mutum da surukinsa ba, bai taɓa sa yaron gareji ya kayar da maigidansa ba, bai taɓa bari kawu ya sha ƙasa a hannun ɗan 'yar'uwarsa ba. Ya san garin da yake zaune. Ya san akwai faɗuwar da in an yi ta a tamfol, sai ta bi mutum har gida ta zauna a zaure.

Shekarata uku a wurinsa, na kai ɗamara mai ruwan ƙasa, wadda daga ita sai baƙa, sai ga baffanku Habu ya zo. Ku kun san shi da furfura da carbi, ba ku san shi yana direban tifa ba, ƙato, mai murya kamar ta injin niƙa, wanda ya yi kokawa a samartakarsa. Shekara shida ya ba ni. Shi ke goya ni ya tsallake layin dogo da ni zuwa makarantar allo, shi ke dukan duk wanda ya doke ni. Ya zo ne ya yi dariyar abin da yake kira kokawar masu farar riga. Saje ya ce ya kama shi ya ture, kamar yadda ya yi mini, kuma shi ma ya kalli kwanon rufi. Ya tashi yana kakkaɓe wando, ya ce a auna shi a ɗinka masa riga.

To ga matsala. A ƙa'idar judo, in za a fara aji ana jeruwa ne bisa ɗamara, babba a kai, sabon shiga a wutsiya. Ni ne a kan layi, yayana kuma mai farar ɗamara, wurinsa can ƙarshe bayan 'yan shekara sha biyar. Ranar farko da aka ce a jeru, na ga ya tsaya yana duban layin. Kafin ya ɗaga ƙafa Saje ya kira shi.

"Babban Yaya, muryarka ya fi nawa. Zo nan gefena, kai za ka riƙa ƙirga mana."

Daga ranar Habu bai taɓa tsayawa a layi ba. Yana gefen Saje, yana ƙirga ɗaya, biyu, uku, har kwanon rufi na amsawa, muna motsa jiki. In an zo haɗa mutane biyu-biyu kuwa, sai Saje ya haɗa mu, amma da sharaɗi.

"Kafinta, kai ka iya faɗuwa. Ba yayanka jiki ya koya."

Wata takwas Habu yana ɗaga ni yana bugawa da ƙasa, ni ko sau ɗaya ba a ce in kayar da shi ba. In shi ke buƙatar koyon faɗuwa, Saje da kansa yake kayar da shi. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya riƙa ci mini rai. A zuciyata na yanke cewa Saje tsoron girman jikin Habu yake ji, ko kuma tsufa ya sa ya fara son kai.

Da kaka ta yi aka aiko wa Saje cewa wansa ba shi da lafiya a ƙauye, ga doya tana jiran haƙa. Ya ce zai yi mako shida. A wannan shekarar ne kuma aka ce kowane malami ya kai wa jami'an wasanni na jiha sunayen mutum uku da za a tafi da su gasar ƙasa a kudu, kuma har kajin Bosso sun san sunana ne na farko. A nauyina babu mai tsaya mini sai wani bakanike daga Kpakungu, Markus, shi ma kullum ni ke kayar da shi. Saje ya miƙo mini makullin sito.

"Kafinta, aji yana hannunka. Kada ka canja komai."

Tun bai kai ƙauye ba na canja. Ina da wani ɗan littafi mai hotuna da na saya a Kaduna, wanda ke nuna aji a jere tsaf kamar haƙoran mataji, kuma na daɗe ina jiran ranar da zan nuna yadda ake yin abu a kan ƙa'ida. Na ce kowa ya shiga layi bisa ɗamararsa, kowa da kowa, ƙirga kuma ni zan yi. Habu ya dube ni.

"Har da ni, Auta?"

"Yaya, a nan babu Auta. A nan malami ne."

Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, amma ni da na san shi na ga ba ta kai ido ba. Ya taka a hankali ya je ya tsaya a wutsiya. Daga wannan rana ban sake riƙe ajin ba. Sai ya bari an fara ya shigo, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana gaisawa, yana tambayar iyali. In na ce ɗaya, ya ce biyu daga baya. In na juya ina nuna wani abu, sai in ji yana ba na kusa da shi labarin yadda nake jiƙa masa baya lokacin da yake goya ni. Ganin babba yana yi, sai ƙanana suka samu ƙofa. Na koma ihu har muryata ta dushe, na koma sa mutane tsallen kwaɗo, na kori biyu. Ma'aikatan ofis ɗin nan suka daina zuwa, don sun ce ba su baro aiki don a yi musu tsawa ba.

A mako na huɗu ina nuna kayarwa ta kafaɗa, na sunkuya na juya baya, sai na ji muryarsa.

"Auta, a hankali, kada wandon ya zame."

Dariyar da aka yi har da masu riƙe ciki. Na miƙe, kunnuwana suna zafi, na ce, "Yaya, fito a nuna da kai." Ya fito yana murmushi, hannuwa sake, don a saninsa in mun tsaya gaba da gaba ni ne mai faɗuwa. Abu na farko da Saje ke koya wa mai kayarwa shi ne kada ya saki hannun rigar abokinsa, domin da wannan riƙon ake tare masa faɗuwa. Ni na koya wa rabin ajin haka. Na shiga ƙarƙashin yayana da dukan ƙarfina, na ɗaga shi, na jefa, na kuma saki rigar. Da gangan na sake ta, kada wani ya gaya muku tsautsayi ne. Ya sauka a kan kafaɗar dama, aka ji ƙarar. Na miƙa masa hannu bai karɓa ba, ya tashi da kansa, hannun yana lilo. Markus ne ya ɗauke shi a babur zuwa wurin mai ɗori.

Kakanku, Baba, ya bari aka kwana. Sai da safe, kafin ya fita shagonsa na yadi, ya kira ni zaure.

"Sule, a gaban mutum nawa?"

Na ce kusan talatin.

"Har da 'ya'yan maƙwabta?"

Na ce har da su.

"To. An gama wannan wasan a gidan nan."

Inna daga tsakar gida tana cewa ai shi ya tsokane shi, ai kowa ya san bakin Habu. Baba ya ce mata ko da baki ya cinye shi, wansa ne. Abin da ya fi mini zafi shi ne cin abinci. Tun muna yara ni da Habu kwano ɗaya muke ci, kuma Baba ya hana a raba. Haka za mu zauna, shi da hannu a ɗaure a wuya yana fama da cokali a hagu, tuwo yana zame masa. Na durƙusa a ƙofar ɗakinsa na ba shi haƙuri. Ya ce, "Na ji." Bai ƙara ba, bai rage ba.

Saje ya dawo ya tarar da sito a kulle, ya ji labari a bakin Markus. Washegari da hantsi sai ga shi a ƙofar gidanmu, da doya ɗaure a bayan keke. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa a gaban Baba duk da ciwon gwiwarsa, ni ina rakuɓe a gefe.

"Baba, laifina ne," in ji shi. "Na koya wa yaron nan kayar da mutum, ban gama koya masa riƙe mutane ba, na ba shi makulli. Ni na yi gaggawa."

Baba ya ce ba ya son wasan da zai raba masa 'ya'ya. Saje ya ce shi ma ba ya so, shi ya sa yake roƙo a bar masa ni ya ƙarasa aikin da ya fara, don in aka tsaya a nan, abin da na koya na ƙarshe shi ne jefa yayana. Baba ya ja carbinsa. Sannan ya ce ya amince, kuma in Saje yana so, zai ce wa Habu shi ma ya koma, gobe-goben nan.

Saje ya ce, "Don Allah, Baba, kada ka ce. In ka ce, ƙafarka ne ya zo, ba nasa ba."

Da yamma a sito mutum goma sha ɗaya ne suka zo. Saje bai yi mini faɗa a gabansu ba. Ya ja ni bayan ƙofa, ya ce in kwance ɗamarata in ba shi. Ya naɗe ta ya sa a jakarsa, ya ciro wata fara ya miƙo mini.

"Wurinka wutsiya. Ranar da yayanka ya shigo ƙofar nan da kansa, ranar za ka ga bel ɗinka. Mai farin bel kuma ba na kai sunansa ko'ina."

Saura mako bakwai a kai sunaye. Na yi lissafi a raina na ce kafaɗa za ta warke a huɗu, Habu kuma ba mai riƙo ba ne, don haka na ɗaura farar ɗamarar ba tare da na damu sosai ba.

Ban san wutsiyar layi wata duniya ce ba sai da na tsaya a cikinta. Waɗanda na koya wa ɗaurin ɗamara suna gabana, ni ina kallon ƙeyarsu. Kullum in an tashi Saje zai tsayar da ni muna naɗe tamfol, ya ce, "Kafinta, me ka gani yau?" Da farko sai in ce wane bai iya sa ƙafa ba, wane ƙugunsa ya yi sama. Ya ce ba wannan ba. A hankali na fara ganin abin da yake nufi. Daga baya ana ganin wanda ya zo bai ci abinci ba, da wanda ke ɓuya a bayan wani don yana tsoron faɗuwa, da wanda surutunsa ba iskanci ba ne, so yake a san yana nan. Na ga yadda Saje ke jin rikici tun yana hayaƙi, ya aiki ɗaya ɗebo ruwa, ya ba ɗayan aikin gyara tamfol, har abin ya mutu ba wanda ya sani. A wurin na gane cewa ƙirgan da ya ba Habu ba tsoro ba ne. Ya duba ya ga mutum mai girma a gida wanda ƙa'ida za ta mayar ƙarami, sai ya nema masa wurin tsayawa da ba zai karya ƙa'idar ba, ba zai kuma karya mutumin ba. Ni kuma na zo da ɗan littafina na rushe a yini ɗaya. Da safe kuwa, kafin ya tafi aiki, Saje yana bin gidajen waɗanda suka daina zuwa a kan kekensa, ɗaya bayan ɗaya, har aji ya sake cika.

Kafaɗar Habu ta warke, ya koma tuƙi, amma bai zo ba. Mako biyar, mako shida. Inna ta sa shi a gaba.

"Kai Habu, ka taka ka je mana, ko leƙa ƙofar ka yi ka dawo. Ƙaninka ne fa."

"Inna, kafaɗar ba ta gama saki ba."

Yana faɗin haka ne da safen da na gan shi ya ɗaga tayar tifa shi kaɗai. Baba kuwa ya riƙe alkawarin da ya yi wa Saje, bai ce uffan ba. Ana saura kwana biyu na je wurin Saje, na ce masa ai Yaya ya yafe mini, a gida muna gaisawa, har ya fara aikena.

"A gida ka kayar da shi?" in ji shi.

Na juya na koma gida. Ya kai sunaye uku, Markus ne a wurina.

A nan ne aka zo inda nake so ku fi sani, domin akwai wata ƙofa da ta buɗe. Ɗaya daga cikin jami'an wasannin ya san ni, ya taɓa ganin wasana. Ya zo har rumfar katako ya same ni, ya ce bai ga sunana ba, kuma jiha tana son mai ciyo mata lamba, ba ruwanta da rigimar gida. Ya ce in zo gwaji ranar Asabar ba sai da takardar Saje ba, in na kayar da Markus kujerar tawa ce. Na san zan kayar da shi. Kwana uku ina yawo da maganar a kaina, har na yanke katakon mutane ba daidai ba. Ban gaya wa kowa ba, don na san Inna za ta ce in je, Baba zai ce in tambayi malamina. Abin da ya tsayar da ni shi ne na tuna Saje a durƙushe a zaurenmu da ciwon gwiwa, yana ɗaukar laifin da ba nasa ba. In na bi ta bayansa, na nuna wa aji duka cewa maganarsa tana da ƙofar baya, kuma daga ranar duk wanda ya hukunta zai nemi tasa. Na riga na watsa masa aji sau ɗaya. Ranar Asabar na tafi rumfa na yi aikina.

Ranar tafiya duk aji muka raka 'yan wasan tasha da safe. Ni na ɗaukar wa Markus jaka, ya kasa haɗa ido da ni, har sai da na ce masa ya kula da ƙafarsa ta hagu, yana barinta a baya. Da motar ta tashi na zagaya bayan wata rumfa na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yaro. Ban sake samun wannan damar ba. Kafin wata gasar ta zagayo na yi aure, an haifi babbarku, gwiwata kuma ta fara irin ta Saje. Abin da na samu a madadinta shi ne ajin, wanda Saje ya bar mini da ƙarfinsa ya ƙare, na riƙe shekara goma sha shida ba a sake ɗaukar kowa zuwa wurin mai ɗori ba. Duk abin da na yi daidai a cikinsu nasa ne.

Washegarin tafiyar motar, muna tsakiyar motsa jiki, sai muka ji ƙarar babur ta tsaya a ƙofar sito. Habu ya shigo da farar rigarsa a naɗe a hammata. Kowa ya tsaya cak. Saje bai yi masa barka da zuwa ba, bai nuna wani abin mamaki ya faru ba. Ya je wurin jakarsa kawai, ya ciro ɗamarata, ya miƙa wa Habu.

"Babban Yaya, ga kayan ƙaninka. In ka ga dama ka ba shi, in ba ka ga dama ba ka ajiye."

Habu ya juya ta a hannu, ya dube ta, ya dubi ajin. Sannan ya tako har wutsiyar layi inda nake. Da hannunsa ya kwance farar, ya zagaya mini tawa a ƙugu sau biyu, ya ja ƙulli da ƙarfi har sai da numfashina ya tsaya. Kansa yana sunkuye kusa da kunnena ya yi magana, yadda ni kaɗai zan ji.

"Na san jiya motar za ta tashi. Kwanakin nake ƙirgawa."

"Na sani, Yaya."

"Ka ji zafi?"

"Na ji."

"Ni ma haka na ji," in ji shi. "To, ya wuce."

Daga wannan yammacin har ya bar duniya, bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba.